Tonon Sililin Snowden: Wa Ya Ci Amanar Wa?

Ranar 12 ga Maris, 2013, babban daraktan hukumomin leƙen asirin Amurka, James Clapper, ya zauna a gaban wani kwamiti na majalisar dattawan ƙasar, kyamarori na ɗauka. Sanata Ron Wyden ya yi masa tambaya guda: shin hukumar NSA, wadda aikinta tatsar bayanan sadarwa ne, tana tattara wani bayani, ko wane iri ne, a kan miliyoyin Amurkawa? Clapper ya sa hannu yana murza goshi, ya ce a'a. Wyden ya sake tuntuɓarsa, sai ya ce ba da gangan ba dai.

Tambayar ba ta zo masa bagatatan ba, domin tun ana gobe zaman Wyden ya aika da ita ofishinsa. Shi kansa Wyden ya san amsar gaskiya, tunda yana cikin 'yan majalisar da ake yi wa bayani a asirce, amma doka ta ɗaure masa baki. Ke nan a zauren nan akwai mai tambaya da ya sani, da mai amsa da ya sani. Waɗanda ba su sani ba su ne masu ƙasar, waɗanda da sunansu da kuɗin harajinsu ake aikin.

Ba a cika wata uku ba ramin ƙarya ya ƙure. Ranar 5 ga Yuni jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga wani umarni na kotun sirri da Edward Snowden ya tona, wanda ya tilasta wa wani reshe na kamfanin waya na Verizon ya riƙa miƙa wa NSA rajistar duk kiran da aka yi ta layinsa, kullum, na cikin gida da na waje. Umarnin bai ambaci wani mai laifi ba, bai ce ana zargin wane ba. Kowa da kowa ne. A jikin takardar an rubuta cewa ba za a cire mata hatimin sirri ba sai shekarar 2038. Daga baya aka gane cewa tun 2006 ake sabunta irin wannan umarni duk bayan kwana 90.

Gwamnati ta yi maza ta kare kanta da cewa ai ba ta sauraron maganar kowa, lambobi kawai take ajiyewa: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa. A nan mutane da yawa suka saki jiki, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. A ɗauki lambar wata mata. Da ƙarfe biyu na dare ta kira yayarta, suka shafe minti arba'in. Da asuba ta kira mahaifinta. Da hantsi ta kira ofishin wani lauya. Mijinta kuwa, wanda a da take kira sau biyar a rana, yau kwana tara ba ta taɓa lambarsa ba. Ko kalma ɗaya ba ka ji daga bakinta ba, amma ka riga ka san auren yana tangal-tangal, ka san wa take kai wa kuka, ka san matakin da take shirin ɗauka. Muryar mutum sai an zauna an saurara, an fassara, an gane habaici. Rajistar kira kuwa kwamfuta tana tace ta miliyoyin mutane cikin ƙiftawar ido. Kuma ƙa'idar binciken ta ba da damar a bi lambar wanda ake zargi, da duk wanda ya yi waya da shi, da waɗanda su ma suka yi waya da su, har zango uku. Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin wannan bayani, ko da yake ya ƙara da cewa ba da na 'yan ƙasa suke yin hakan ba.

Akan ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wato in ba ka da abin ɓoyewa, me zai dame ka? Wannan magana ba ta taɓa shiga kaina ba. Mu da muke roƙon Allah Ya rufa mana asiri safe da yamma, ba don mun yi sata muke roƙon ba. Bashin da ke kanka, ciwon da likita ya faɗa maka, rigimar gādo tsakaninka da 'yan uwanka, ɗan da ya fi ƙarfinka, babu laifi ko ɗaya a cikinsu, amma duk wanda ya riƙe su a hannu ya riƙe ka. Shi ya sa aka yi zaure, shi ya sa baƙo yake sallama ya jira. Ɗan jarida da alƙali da ɗan adawa su ma suna da irin waɗannan abubuwa, kuma ranar da mai mulki ya mallake su, sai ka ga baki ya mutu ba tare da an kama kowa ba.

Amurka ta san haka, domin ta taɓa gani. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo yadda hukumomin tsaro suka yi shekaru suna bin diddigin 'yan ƙasa, har da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, wanda FBI ta dasa wa na'urorin sauraro a ɗakunan otal, ta kuma aika masa da wasiƙar barazana ba suna. Maganin da aka kawo shi ne dokar 1978, wadda ta kafa kotu ta musamman da za a riƙa neman izininta kafin a tatsi bayanan mutum. Ita ce kotun sirrin da ta ba da umarnin Verizon. A rufe take zama, kuma a wancan lokaci lauyan gwamnati kaɗai ke tsayawa a gabanta, babu mai cewa ban yarda ba. Daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙatu kusan 33,900, ta ƙi 11. Masu kare ta suna cewa akan gyara buƙatu da dama kafin a amince da su. Ko da haka ne, jama'a ba su da hanyar tabbatarwa. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, majalisa ta yi dokar Patriot cikin makonni shida. Sashe na 215 na dokar ya ba da damar karɓar bayanan da ke da alaƙa da binciken ta'addanci. A ɓoye aka fassara kalmar alaƙa har ta haɗiye kiran kowa. Doka tana nan a rubuce, kowa na iya karantawa, amma ma'anar da ake aiki da ita tana kulle.

Nan ne gaɓar da abin ya taɓa dimokuraɗiyya. Babu ƙasar da ba ta leƙen asiri, kuma babu mai hankalin da zai ce a buga sunayen 'yan leƙen asiri a jarida. Amma akwai bambanci tsakanin ɓoye wanda ake bi da ɓoye irin ikon da gwamnati ta ba kanta. Na farko sirrin aiki ne. Na biyu kuwa ya ƙwace wa mai zaɓe abin da ya sa ake kiransa mai zaɓe, domin ba ya yiwuwa mutum ya amince da abin da aka ce masa babu shi.

Kwana huɗu bayan labarin Verizon, mai tonon ya bayyana kansa. Edward Snowden ne, ɗan shekara 29, ma'aikacin kamfanin Booz Allen Hamilton da ke yi wa NSA kwangila a Hawai. Tun 20 ga Mayu ya tsallake zuwa Hong Kong. A can ya haɗu da 'yan jarida Glenn Greenwald da Laura Poitras, sannan Ewen MacAskill, a wani ɗakin otal inda yakan jera matasan kai a jikin ƙofa don kada a ji magana, ya kuma lulluɓe kansa da kwamfutarsa da jan ƙyalle in zai shigar da lambar sirri. Daga takardunsa allura ta yi ta tono garma. Aka ji labarin PRISM, shirin karɓar saƙonni da hotuna daga kamfanoni irin su Google, Facebook, Microsoft, Yahoo da Apple. Aka ji cewa GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, tana ɗibar bayanai daga wayoyin intanet da ke bi ta ƙarƙashin teku. Aka ji cewa lambar wayar shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, tana cikin waɗanda ake sa wa ido, shugabar Burazil Dilma Rousseff kuma ta fasa ziyarar da ta shirya kai wa Washington.

To, shin tarin bayanan ya hana hari? Wata hukumar gwamnatin Amurka mai sa ido kan 'yancin jama'a ta binciki shirin rajistar kira, kuma a Janairun 2014 ta ce ba ta samu ko misali ɗaya ba inda shirin ya kawo wani sauyi na zahiri a sakamakon binciken ta'addanci. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ba ta taɓa ba da wannan izini ba. A Satumban 2020 wata kotun ta sake cewa shirin ya saɓa doka. Mai neman allura cikin ruwa, ƙara ruwan ba ya taimakonsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tun ƙarshen 2020 aka tilasta wa 'yan Najeriya haɗa layin waya da lambar NIN da hujjar tsaro, amma masu garkuwa da mutane ba su fasa kiran iyalai a waya suna cinikin kuɗin fansa ba.

Babbar tuhumar da ake yi wa Snowden ita ce me ya hana shi bin hanyar da doka ta tanada. Shi ya ce ya yi ƙorafi ga jami'ai fiye da goma, NSA ta ce saƙo ɗaya tak ta gano, shi ma tambaya ce ta shari'a. Wannan gardama tana nan. Abin da babu gardama a kansa shi ne abin da ya sami waɗanda suka riga shi. Thomas Drake babban jami'i ne a NSA. Ya kai kuka ga shugabanninsa, ya kai ga masu binciken cikin gida, ya kai ga kwamitocin majalisa, sai da ya gaji sannan ya yi magana da wata 'yar jarida. A 2007 jami'an FBI suka dira gidansa. A 2010 aka tuhume shi da manyan laifuka goma. Ana dab da fara shari'a a 2011 duk goman suka rushe, ya amsa wani ƙaramin laifi, amma aiki ya tafi, dukiya ta tafi, ya koma tsaron shago a kantin Apple. Snowden yana kallon duk wannan, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dokar da aka tuhume shi da ita ta 1917 ce, an yi ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don masu yi wa abokan gaba leƙen asiri. Ba ta bambanta wanda ya sayar wa wata ƙasa sirri da wanda ya ba ɗan jarida kyauta, kuma ba ta karɓar hujjar cewa an yi ne don amfanin jama'a. Daniel Ellsberg, wanda a 1971 ya fitar da takardu shafi 7,000 da suka nuna yadda gwamnatoci suka yi ta yaudarar Amurkawa kan yaƙin Biyetnam, ya fuskanci ɗaurin shekara 115, kuma da ya so ya bayyana wa kotu dalilinsa, alƙali ya hana. Abin da ya cece shi shi ne an gano mutanen fadar Shugaba Nixon sun fasa ofishin likitansa suna neman abin da za su ɓata shi da shi, sai aka kori ƙarar a 1973. Har ya rasu a 2023 Ellsberg yana cewa Snowden ya yi daidai da ya fita daga ƙasar.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba. Kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilai ya ce a 2016 takardun da ya kwasa sun kai miliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawansu sun shafi harkar soja da leƙen asirin waje, ba sirrin 'yan ƙasa ba. Snowden ya musanta rahoton, amma ko rabin rabin hakan ne, ba abin da mutum ɗaya zai karance ba ne balle ya auna illarsa. Sannan ga mazauninsa. Gaskiya ne Amurka ce ta soke fasfonsa, ya maƙale kusan kwana 40 a filin jirgin saman Mosko. Gaskiya ne an matsa lamba har jirgin shugaban Bolibiya Evo Morales ya sauka dole a Ostiriya bisa zargin yana ciki. Amma tun 2022 ɗan ƙasar Rasha ne, ƙasar da 'yan jaridarta ke ɗanɗana kuɗarsu, kuma hakan yana rage wa maganarsa nauyi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da na tsaya a kai shi ne, ko wane irin mutum ne shi, umarnin kotun nan na gaske ne, kuma gwamnati da kanta ta amsa.

Abin da ya yi da takardun shi ne ya kawo mu ga 'yan jarida. Bai zuba su a intanet ba. Ya danƙa su ga wasu 'yan jarida, ya ce su zaɓi abin da ya dace a buga. Da wannan, nauyin da kotu da majalisa suka kasa ɗauka ya koma kan editocin da babu wanda ya zaɓe su. Sun cancanci wannan amana kuwa?

Ya ƙi kai wa New York Times, kuma yana da dalili. Tun kafin zaɓen 2004 wakilanta James Risen da Eric Lichtblau suka gano cewa gwamnatin Bush tana tatsar wayoyi ba da izinin kotu ba. Fadar shugaban ƙasa ta roƙi a danne labarin, jaridar ta danne fiye da shekara, sai Disamban 2005 ta buga, bayan Bush ya riga ya lashe wa'adi na biyu. Jaridar nan dai ce ta fito a Mayun 2004 ta amsa cewa ba ta tace rahotanninta kan makaman ƙare dangi na Iraƙi yadda ya kamata ba, rahotannin da suka taimaka aka tafi yaƙi.

Guardian kuwa ta ga matsin lamba ido da ido. Sakataren majalisar ministocin Birtaniya da kansa ya je ya nemi a mayar da takardun, ko a tafi kotu a hana bugawa. Ranar Asabar, 20 ga Yuli, 2013, ma'aikatan jaridar uku suka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ofishinsu a Landan, da injin yankan ƙarfe da na huda, suka ragargaza kwamfutocin da ke ɗauke da takardun, ƙura na tashi, jami'an GCHQ biyu na tsaye suna nuna wurin da za a ƙara niƙawa. Editan, Alan Rusbridger, ya riga ya faɗa musu akwai kofe a Amurka da Burazil, kuma daga New York aka ci gaba da bugawa. Bayan wata guda aka tsare David Miranda, abokin zaman Greenwald, kusan awa tara a filin jirgin Heathrow a ƙarƙashin dokar ta'addanci. A Birtaniya aka yi wannan, ƙasar da ke koya wa wasu 'yancin jarida.

Su ma masu bugawar sun yi tuntuɓe. Labaran farko na PRISM sun ce NSA tana shiga rumbun kamfanonin kai tsaye, kamfanonin suka musanta, Washington Post ta sassauta kalamanta. Jaridar ta karɓi lambar yabo ta Pulitzer a 2014 tare da Guardian saboda takardun Snowden, amma a 2016 shafinta na ra'ayi ya fito yana adawa da a yi masa afuwa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Reality Winner. 'Yar shekara 25 ce, ta aika wa jaridar The Intercept wata takardar sirri kan yunƙurin Rasha na kutse a harkar zaɓen 2016. Wajen tantancewa, jaridar ta nuna wa gwamnati hoton takardar, da alamar ninki a jikinta da ke nuna an buga ta ne a inji aka fita da ita. Kafin labarin ya fito an kama ta. Aka yanke mata shekara biyar da wata uku. Jaridar ta amsa cewa ta gaza, amma ba edita ne ya kwana a kurkuku ba.

Sai kuma wani misali daga ɗaya ɓangaren. A Yunin 2015 Sunday Times ta Landan ta buga a shafin farko cewa Rasha da Sin sun fasa takardun Snowden, har an janye 'yan leƙen asirin Birtaniya daga wasu wurare. Babu takarda, babu suna, sai majiyoyin gwamnati da suka nemi a sakaya su. Da tashar CNN ta tambayi wakilin da ya rubuta labarin hujjarsa, sai ya ce su suna buga abin da suka ɗauka shi ne matsayin gwamnatin Birtaniya.

A ajiye wannan kusa da labarin Verizon. Dukansu fallasar sirri ne, dukansu daga bakin wani na ciki suka fito. Ɗaya ya ɗora takardar a gabanka da kwanan wata da sa hannun alƙali, ka karanta da idonka, wanda ake zargi kuma ya kasa musantawa. Ɗayan ya ce ka yarda kawai, wata majiya mai tushe ce ta faɗa. Manyan jami'ai kullum suna tsegunta wa jarida sirrin da zai gyara musu suna, kuma da wuya ka ji an kai ɗayansu kurkuku. Don haka in na ga labari irin wannan, nakan fara duba ko an nuna mini abin, sannan in tambayi kaina wa zai amfana in na yarda, in kuma tuna ko jaridar ta taɓa fitowa ta ce ta yi kuskure. Cibiyar Gallup ta ce a 1976, bayan takardun Biyetnam da badaƙalar Watergate da ta ci kujerar Shugaba Nixon, kashi 72 cikin 100 na Amurkawa sun yarda da kafafen labarai, a 2024 kuwa kashi 31 ne. Wani kaso na wannan zubewa jaridun ne suka jawo wa kansu. Amma ina jin tsoron mutumin da ya ce duk ƙarya ce ya kau da kai, domin shi ko an ɗora masa umarnin kotun sirri a cinya ba zai motsa ba, kuma babu abin da mai tatsar bayanai yake so kamar haka.

An samu sauyi. A Yunin 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta hana NSA tara rajistar kiran Amurkawa jumla. Kamfanoni suka ƙara kulle saƙonni, kuma tun Afrilun 2016 WhatsApp ya rufe hirar masu amfani da shi ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa. Clapper ya nemi afuwar majalisa, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa har Janairun 2017, ba a tuhume shi ba.

Amma PRISM ba a ƙarƙashin sashe na 215 yake ba. Yana ƙarƙashin sashe na 702 na wata dokar 2008, wanda ya ba da damar tatsar bayanan duk wanda ba Ba'amurke ba ne kuma yake wajen Amurka, ba tare da sammacin kotu da sunansa ba. Mai Gmail a Kano, mai Facebook a Damagaram, ɗan kasuwar da ke Zangon Kumasi, duk suna cikin rukunin da kundin tsarin mulkin Amurka bai yi wa rumfa ba. A Afrilun 2024 majalisa ta sabunta sashen na shekara biyu. Zazzafar muhawarar da aka yi a lokacin ita ce ko sai an nemi sammaci kafin a lalubo saƙon Ba'amurke da ya faɗa cikin komar. Aka kaɗa ƙuri'a a majalisar wakilai, 212 da 212, gyaran ya faɗi. A kan mu da aka jefa komar dominmu, ba a kaɗa irin wannan ƙuri'a ba.